Noelene Pascoe da Tsummokaran Keith Haddow

Ƙarfe shida da rabi na safe Noelene Pascoe take buɗe garejin da ke bayan gidanta, ko ana sanyi ko ana zafi. Shekara talatin da huɗu ke nan garejin bai ga mota ba. Abin da ke ciki shi ne wani babban tebur da marigayi mijinta ya haɗa mata da tsohon ƙyaure, da keken ɗinki biyu, da dutsen guga, da buhunan tsofaffin riguna jere a jikin bango, kowanne da sunan mai shi a manne. Takan jona butar shayi, ta kunna rediyo ta saurari farashin ulu duk da ko tunkiya ɗaya ba ta da ita, sannan ta kwance buhun da layi ya zo kansa ta zazzage a tebur. Ba ta taɓa almakashi sai ta gama shayinta. Da rana ta ci burodi da cuku a tsaye. Ƙarfe huɗu ta share zaren da ya zube, ta ja ƙofa, kuma ko kai wane ne, in ka zo huɗu da minti biyar sai dai gobe.

Sana'arta ita ce ta karɓi rigunan tishat da mutum ya tara a rayuwarsa, na ƙwallo da na wajen aiki da na gasar tsere, ta yayyanka su, ta mayar masa da su bargo guda. A ƙarshen watan Yuni ta ajiye aikin tana da shekara saba'in da uku, saboda ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe mata yatsu.

Ni na riƙe gidan wayar Kallora shekara ashirin da shida. Ta kan kantata buhunan nan suke shigowa daga ko'ina a ƙasar, ta nan kuma bargunan suke fita. Ba zan ce ƙawata ba ce. Noelene ba ta iya ɓoye magana a ciki, kuma sau biyu muka yi wata guda ba ma gaisawa, sau ɗaya a kan wani kwali da ta ce ni na jiƙa mata, alhali ruwan sama ne. Rubutun yabo ma ba ya cikin abubuwan da nake so. Mu a garin nan sai mutum ya mutu muke taruwa a zauren gari da farantan kek, mu yi ta cewa babu kamarsa, shi kuwa ba ya ji. Amma yabon gwani ya zama dole, kuma gara ta karanta da idonta ta ce na yi ƙarin gishiri.

Mutane suna ɗauka aikin yanka ne da ɗinki kawai. Tishat mugun yadi ne ga mai ɗinki. Saƙarsa miƙewa take yi, ka ja nan ta tafi can, in ka sa shi a keke haka nan sai bakinsa ya nannaɗe. Don haka bayan an wanke riguna, takan farke kowacce ta gefe, ta cire hannu da wuya, ta kife gaban rigar a tebur, ta manna masa wani siririn shafi mai gam da dutsen guga. Shafin nan shi ke hana yadin miƙewa. Daga nan ta ɗora faffaɗar rula mai kusurwa huɗu, ta zagaye ta da wuƙa mai taya, ta fitar da rubutu ko hoton da ke ƙirjin rigar a tsakiya. In ta tara gunduwa ashirin ko talatin, sai ta jera su a ƙasa, ta hau kujera ta duba daga sama, ta yi kwana biyu tana sauya musu wuri. Sannan ta haɗa su layi-layi, ta sa auduga a tsakiya da yadi mai laushi a baya, ta bi ko'ina da ɗinki don kada audugar ta dunƙule wuri ɗaya, ta kalmashe baki da hannu. Bargo ɗaya yakan ci mata mako shida zuwa takwas.

Abin da aka yanka ba ya komawa riga, kuma ta fi masu rigunan sanin haka. Na tuna wata mata daga Darwin da ta aiko da kayan ɗanta mako biyu bayan rasuwarsa. Noelene ta kira ta ta ce ba za ta sa musu almakashi ba sai an yi wata shida. Matar ta wanke ta tas a waya. A wata na huɗu ta sake kira, murya a ƙasa, ta ce don Allah a maido mata da guda biyu, so take ta riƙa sawa. Ni na auna ƙunshin na buga masa tambari.

Amma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ƙarshe, wanda ya zo bayan ta riga ta liƙa takarda a ƙofa cewa ta daina karɓa.

Keith Haddow ya yi shekara arba'in yana aske wa tumaki ulu a rumfunan yankin nan, ya kuma yi talatin a cikin 'yan sa-kai na kashe gobarar daji. Ciwon mantuwa ya kama shi shekara huɗu da suka wuce. A watan Afrilu, da abin ya fi ƙarfin matarsa Lorraine, aka kai shi gidan kula da tsofaffi na garinmu, tafiyar minti bakwai a ƙafa daga ƙofarta. Gida ne mai ɗaki goma sha takwas, ba a kulle kowa. Matsalar ita ce duk la'asar, in aka taso shi daga falo zuwa ɗakinsa, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ɗakin wani ne, shi ba ya shiga ɗakin mutane. Ya juya ya nufi gida, gidan kuma da yake nufi gonar da suka sayar tun tuni. Sau biyu aka tsinto shi a babban titi. Na biyun sai da wani direban tirela ya taka birki har taya ta yi hayaƙi.

Merlinda, shugabar masu jinya a gidan, ba ta ɓoye wa Lorraine komai ba. In Keith bai zauna ba zuwa ƙarshen Yuni, dole a mayar da shi wani sashe mai kulle a birni, tafiyar awa huɗu. Lorraine shekararta saba'in da takwas, ido ya hana ta tuƙi, bas kuma sau biyu take zuwa a mako. Shekara hamsin da biyar suna tare. An gwada hotunan aurensu a bango, ya ce bai san mutanen ba. An kawo kujerarsa, ya ce mai ɗakin yana da kujera irin tasa. Merlinda ce ta ce a nemo abin da hannunsa ya sani, tun da idon ya daina shaida.

Ina garejin ranar shida ga Yuni, na kawo wa Noelene zaren da ta yi oda, sai ga Lorraine da 'yarsu Kerryn, wadda ke aiki a ofishin lauyoyi a birni, suna ɗauke da akwati.

"Na rufe, Lorraine," in ji Noelene. "Ba ki ga takarda a ƙofa ba?"

"Na gani. Ba karatu na zo yi ba."

Lorraine ta zauna a kan wani buhu ta faɗi abin da ke tafe da ita, ba kuka ba roƙo. Noelene ta saurara tana murza yatsunta. Da ta ji mako uku ne, ta yi tsaki, ta ce wa Kerryn ta buɗe akwatin.

Riguna ashirin da biyar ne, a ninke tsaf. Akwai na lashe gasar aski, da na bikin cikar ƙungiyar kashe gobara shekara hamsin, da waɗanda jikoki suka kawo tsaraba daga bakin teku. Noelene ba ta dubi rubutunsu ba. Wuya take ɗagawa ta duba, ta juya hammata, ta ajiye, ta ɗauki wata.

"Wa ya zaɓo waɗannan?"

"Ni ce, Misis Pascoe," in ji Kerryn. Ta haura hamsin amma har yau haka take kiranta. "Su ne masu kyau."

"Kyau kam akwai. Wannan ko ruwa ba ta taɓa gani ba, ga layin ninkinta nan. Dubi wuyan, kamar yau aka fito da ita daga leda. Ubanki bai taɓa zufa a cikin ko ɗaya ba, yarinya. Durowa ce ta san su, ba shi ba. Ina waɗanda yake sawa?"

Lorraine ta sunkuyar da kai. Kerryn ta ce ai waɗancan tsummokara ne, ita ta kwashe su ta kai rumfar bayan gida lokacin da suka gyara ɗakinsa.

"To, mu je rumfar."

Ni ma na bi su, ba don an gayyace ni ba. Na ce zan kai su a a-kori-kurata, tun da ƙafar Noelene ma ba ta da daɗi.

Rumfar tana warin man inji da kare. A cikin wani tsohon duro muka tarar da yawancinsu. Akwai shuɗɗan singiletin aski guda bakwai da suka koɗe har sun koma launin toka, da rawayar rigar kashe gobara wadda tartsatsi ya huhhuda kafaɗarta, da koriyar rigar ƙungiyar ƙwallon garinmu, ƙungiyar da ta mutu tun da matasa suka ƙare. Wata an naɗe bututun famfo da ita don kada sanyi ya fasa shi. Wata kuma tsohon karen gidan ne ke kwance a kai, da Noelene ta miƙa hannu sai ya yi gurnani.

"Tashi, ranka ya daɗe," ta ce masa. "Ba taka ba ce."

A nan Kerryn ta kasa haƙuri.

"Haba, Misis Pascoe! Shimfiɗar kare fa! A ce ubana yana rufa da wannan a gidan mutane? Duk wanda ya leƙa ɗakin sai ya ce mun jefar da shi da tsumma. Mama, ki yi magana mana."

"Wa zai leƙa?" in ji Noelene.

"Kowa. Mutanen garin nan da ba sa rasa abin faɗa."

"Su faɗa. Bargon nasu ne ko nasa? In na masu leƙe kike so, koma ki ɗauko akwatinki, in yi miki wanda za a rataye a zauren gari a tafa. Amma ubanki zai wuce shi kamar yadda ya wuce hotunan."

Gaskiya a lokacin ina bayan Kerryn. Na san abin da take ji, kuma ni ma da ubana ne da kunya ta kama ni. Lorraine ce ta raba gardamar. Ta durƙusa da kyar, ta kwance rigar da ke jikin bututun da hannunta, ta miƙa wa Noelene, ta ce famfon ya fashe in ya ga dama.

Riguna goma sha tara suka tsira. Sau uku aka wanke su kafin ruwan ya daina baƙi. Da suka bushe sai wata matsalar ta fito: sun siɗe har kana ganin tafin hannunka ta cikinsu. Duk mai wannan sana'a zai ce maka irin wannan yadin shi ya fi bukatar shafi mai gam, in ba haka ba ya yage a ƙarƙashin allura. Noelene ta yanko ƙyalle biyu daga gindin wani singileti, ta manna wa ɗaya shafin, ta bar ɗayan, ta ce wa Lorraine ta rufe ido.

"Taɓa wannan. Yanzu taɓa wannan. Wanne ne na Keith?"

Lorraine ta riƙe wanda ba shi da gam, ta ƙi saki.

"Ɗayan fa?"

"Kamar kwalin takalmi."

"To kin ji. Shekara talatin ina mannawa, ba wanda ya taɓa ƙorafi, don su da ido suke kallo. Shi da yatsa zai duba."

Sai ta ajiye dutsen guga gefe. Kowace riga ta shimfiɗa ta a kan farin yadin auduga mara nauyi, ta kafe ta da fil, ta bi ta da allura da hannu, layi bayan layi, tazarar yatsa biyu, don yadin ya riƙe rigar ba tare da ya kashe laushinta ba. Inda tartsatsi ya huda ba ta yi faci ba, ta dai zagaye bakin ramin da zare don kada ya ƙaru. A layin sama, inda bargo ke taɓa haɓa, ta bar wa riguna huɗu wuyansu, abin da ba ta taɓa yi ba. Aikin ya ninka na kullum sau uku, lokacin kuma rabin na kullum ne, yatsun kuwa su ne dai waɗanda suka sa ta liƙa takarda a ƙofa.

Na riƙa leƙawa da rana in na tashi cin abinci. Kwano ne na ruwan ɗumi a gefenta. Ta yi ɗinki na minti ashirin, ta tsoma hannuwan a ciki ta rufe ido, ta goge, ta ci gaba. Gaɓoɓin sun kumbura sun yi ja. Na ce mata ta kira matan ƙungiyar ɗinki ta coci su taimaka.

"Su Valmai? Ɗinkinsu kamar an kori kaza a kan yashi. Ki zura mini allura goma ki jera a nan, Glenys, in dai taimako kike so. In surutu ne kuma ga ƙofa."

Na zura. Kullum goma, wani lokaci ashirin. Makonnin nan uku ne kaɗai na ga garejin a buɗe har faɗuwar rana.

Noelene, ke ce kika san cewa da tsohuwar zuma ake magani, a lokacin da mu duka muke kallon akwati. Ke ce kika ajiye hanyar da kika ƙware a kai shekara talatin, a aikinki na ƙarshe, saboda mutum ɗaya da ba zai taɓa sanin sunanki ba. Ban faɗa miki a lokacin ba don na san amsar da zan samu.

Abu ɗaya ya gagare ta, shi ne danna wuƙar. Hannun ba shi da sauran ƙarfin da zai yanke yadi biyu a miƙe. Ranar Asabar ta biyu Kerryn ta zo daga birni ɗaukar akwatinta, fuska a ɗaure. Noelene ta miƙa mata wuƙar ba tare da ta dube ta ba.

"Riƙe. Hannun hagu a kan rula, ki danne da nauyinki. Ki tura gaba sau ɗaya, kada ki dawo baya."

"Ni ban taɓa yi ba. In na ɓata fa?"

"Kin ɓata ke nan. Babu wata a shago."

Kerryn ta cire kot ɗinta ta rataye. Na farko ya ɗan karkace, na biyu ya fi, kafin na goma ta fara gyara rular da kanta. Da aka zo kan rawayar rigar sai ta tsaya. Ta ce wannan ce a jikinsa shekarar babbar gobara, ranar da ya zo makaranta ya ɗauke ta da wasu yara shida a bayan mota, fuskarsa baƙa ƙirin, yana yi musu waƙar banza don kada su waiwaya su ga wutar. Ta ce ita ta jefa rigar a duro da hannunta, ko tunawa ba ta yi ba. Hawaye ya zubo mata.

"Matsa can ki yi kukanki," in ji Noelene. "Kada ki jiƙa mini aiki."

Amma ta jira ta. Kerryn ta share fuska ta dawo ta yanke rigar da kanta.

A tsakiyar mako na uku Keith ya sake fita. Bai kai titi ba, mai gyaran lambu ya tare shi a bakin get ya ce masa ya zo ya duba wata tunkiya, ya lallaɓo shi ciki. Merlinda ta kira Lorraine ta ce takardar mayar da shi tana kan teburinta, an riga an ware masa gado a birni daga ɗaya ga Yuli, ita dai ba ta sa hannu ba tukuna. Lorraine ta zo garejin ta kawo wa Noelene labarin. Noelene ba ta yi mata alkawarin cewa komai zai yi daidai ba, don ba ta sani ba, kuma ba ta faɗin abin da ba ta sani ba. Cewa ta yi saura kalmasar baki, a ba ta kwana biyu.

Ranar ashirin da bakwai ta gama. A idon mai son ado, bargon ba abin nunawa ba ne. Launin toka ne da rawaya mai dushi-dushi da kore, rubutun wasu ya goge sai inuwa. Na ce ta zo mu kai tare.

"Ba na zuwa kallon aikina," ta ce. "Ki ɗauka ta ƙasa, kada ki ja shi ta wuyan."

Ni da Lorraine muka shimfiɗa shi a gadon Keith tun yana falo. Muka tsaya a gefen taga. Da la'asar ta yi Merlinda ta riƙo hannunsa zuwa ƙofa. Ya rame, amma kafaɗun nan na mai aski suna nan. Ya tsaya inda ya saba tsayawa.

"A'a, 'yan mata, wannan ɗakin wani ne. Ni zan wuce gida."

"To, Keith," in ji Merlinda. "Amma duba mini gadon nan kafin ka tafi. An ce an yi ɓarna, ni ban gane ba."

Ya leƙa. Ya daɗe yana kallo, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sai ya taka ya shiga. Ya ɗora hannu a kan wani singileti, ya murza shi tsakanin yatsu. Ya kamo wuyan ɗaya daga cikin na sama ya ja, kamar mai shirin sawa. Ya bi kafaɗar rawayar da babban yatsa. Sannan ya ɗago, ido ya yi ja.

"Wane ɗan banza ne ya yayyanka mini riguna?"



"Nawa ne fa! Duka nawa ne! Wannan da ita nake aski. Mutum ya juya baya kaɗan, a shigar masa ɗaki a yi masa wannan aika-aika?"

"Abin bai yi daɗi ba kam," in ji Merlinda. "To, gidan fa? Mu tafi?"

"Wane gida? In tafi su dawo su kwashe sauran? Ba inda za ni."

Ya zauna daram a bakin gadon, hannu ɗaya dafe da bargon. Sai ya hango Lorraine a gefen taga. Ya gyara murya irin ta mai magana da baƙuwa.

"Baiwar Allah, ko kin san matata? Lorraine sunanta. In kin gan ta ki ce ta zo ta ga abin da aka yi mini. Ita za ta gano ko wane ne. Ba ta da wasa."

Wata biyar ke nan sunan bai fito daga bakinsa ba. Lorraine ta dafa bango.

"Na san ta," ta ce. "Zan gaya mata."

Na fita waje na yi kuka a cikin mota, ni da ba a san ni da haka ba.

Ba zan ce bargo ya warkar da kowa ba. Keith bai san shekarar da muke ciki ba, bai san Kerryn ba, kuma likita ya ce gaba abin zai yi, ba baya ba. Abin da na sani shi ne tun ranar bai sake nufar get ba. La'asar na yi zai miƙe daga falo da kansa ya ce bari ya je ya duba kayansa. Merlinda ta jira kwana goma, sannan ta kira birni ta ce su ba wani gadon.

Da na koma na ba Noelene labari, tana naɗe igiyar dutsen guga. Ta saurara har ƙarshe.

"Ɗan banza ya ce?"

"Haka ya ce."

"To ki gaya masa 'yarsa ce ta yanka. Ni ɗinki kawai na yi." Ta juya baya tana neman wani abu a durowa, ta daɗe ba ta same shi ba.

Gwanar allura, an gaishe ki. Barguna wajen ɗari biyu suka bi ta kantata, na san nauyinsu a sikeli amma ban san abin da kowanne ya yi a gidan da ya je ba, sai wannan ɗayan. In sauran sun yi ko da rabinsa, to garin nan bai san wadda yake zaune da ita ba. Ba ki da lambar yabo, ba a taɓa sa hotonki a jarida ba, kuma na san za ki ce wannan ma ɓata takarda ne. Duk da haka mun gode. Kerryn ta ce in sa sunanta a cikin masu godiya, Merlinda ma haka.

Sauran ku kuma, keken nan biyu suna nan ba mai taɓa su. Noelene ta yarda za ta riƙa zama a zauren gari duk Laraba da safe ta koya wa duk wanda ya zo, mace ko namiji, in dai zai jure faɗa. Mutum uku suka rubuta suna, kuma ba su isa ba. Wanda ba zai iya riƙe allura ba, ko makaniki ne ko mai jinya ko mai sayar da burodi, ya ɗauki ɗayan darasin: kafin ka fara aiki ka tambayi kanka na wane ne, sannan ka yi masa shi yadda zai amfane shi, ko da masu leƙe ba za su tafa ba.

Jiya na haɗu da Lorraine a hanya, tana tafe a ƙafa da filas ɗin shayi da kofi biyu a jaka. Na tambaye ta jikin Keith. Ta ce da sauƙi, yana cin abinci, har yanzu dai bai gane ta ba. Amma kullum in ta zauna a bakin gadon sai ya ba ta saƙo zuwa ga Lorraine, wani lokaci ƙarar masu yanka riguna, wani lokaci cewa kada ta jira shi da abinci, jiya kuma cewa ya yi a gaya mata yana kewarta. Ita kuma kullum sai ta ce masa za ta isar. Ta ce in gaya miki, Noelene, da a birni yake, da ba wanda zai karɓi saƙon.